Yadda ake jagorantar wasan shiga labari a intanet: yaushe za a jefa dais, yaushe jagora zai yanke hukunci

A wasan shiga labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin: wani mayaƙi ne, wani ɓarawo, wata mai magani. Mutum guda kuma, wato jagora, shi ke riƙe da sauran duniyar baki ɗaya, daga sarki zuwa mai gadin ƙofa zuwa ruwan sama. Ɗan wasa ya faɗi abin da yake so ya yi, jagora ya faɗi abin da ya biyo baya. Inda abu bai da tabbas, sai a jefa dais, irin ɗan jifan nan na lido, sai dai a nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Ba kuɗi ake sawa ba, ba kuma wanda ke cinye wani, saboda haka ba caca ba ce.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da wasan shiga labarin nan mai suna Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, kuma a kan tebur aka tsara shi, kowa na kallon hannun kowa. Da wasan ya koma intanet sai aka rasa wannan. Ba ka ganin dais ɗin abokinka, ba ka ganin fuskar jagora lokacin da ya ce "ka faɗi". Duk matakan da ke ƙasa don cike wannan giɓi ne.

Mataki na 1: Zaɓi tsarin dais tun kafin ka tara mutane

Tsarin da ka zaɓa shi ke fayyace irin labarin da za ku samu, kuma sababbin jagorori sukan raina wannan.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, ana jefa dais mai fuska 20, a ƙara masa makin ƙwarewar mutum, a gwada da lambar wahala da jagora ya sa. Littafin ya ba da ma'auni: 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Kowace fuska tana da kashi 5 cikin 100. Idan ɓarawonka na da ƙarin 3 kuma wahalar 15 ce, yana buƙatar 12 ko sama, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 ke nan. Ka ga mai ƙarin 3 ma yakan sha ƙasa fiye da rabin lokaci a abu matsakaici. Wannan dais ba ya da tsakiya: yadda 10 ke fitowa haka 1 ke fitowa, haka 20. Labarin da ake yi da shi cike yake da ba-zata, da abin dariya, da jarumin da ya zame a gaban jama'a.

Apocalypse World, wanda Vincent Baker ya fitar a 2010, ya bi wata hanya, kuma wasanni da yawa sun biyo sawunsa. Ana jefa dais biyu masu fuska 6 a haɗa. Idan an samu 10 ko sama, an yi nasara. Daga 7 zuwa 9, an samu abin da ake nema amma da tsada. 6 ko ƙasa, jagora zai kawo matsala. Dais biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36, kuma 15 daga ciki suna faɗawa tsakanin 7 da 9 kafin a ƙara komai. Ma'ana sau da dama amsar ita ce "ka samu, amma". Ga wasan da ake yi a rubuce, inda kowane jifa ke iya cin yini guda kafin a amsa, ni wannan na fi so, domin babu jifan da ke tafiya a banza.

Mataki na 2: Sa dais a inda kowa ke gani

Kada ka yarda kowa ya jefa a ɗakinsa ya zo ya ce "na samu 18". Ko da gaskiya ya faɗa, ranar da ya samu 20 sau uku a jere zuciyar sauran za ta fara raya musu wani abu.

Roll20, wani shafin intanet na irin wannan wasa da ya fara aiki a 2012, yana da wurin rubutu inda za ka sa /roll 1d20+3, wato dais ɗaya mai fuska 20 da ƙarin 3, sakamako ya fito a gaban kowa. A manhajar hira ta Discord ana saka Avrae, wata 'yar manhaja mai jefa dais, ka rubuta !roll 1d20+3. Wanda datarsa ba ta da yawa, Telegram ya ishe shi: idan ka tura alamar dais ita kaɗai, za ta juya ta tsaya a lamba daga 1 zuwa 6, kuma ba wayarka ce ke zaɓar lambar ba. A tura sau biyu, an samu tsarin dais biyu ke nan.

Doka ɗaya a nan: a rubuta abin da ake jefa wa kafin a jefa. Jifan da ba shi da suna ba a lissafa shi, wanda aka goge kuma a ɗauke shi faɗuwa ne.

Mataki na 3: Yi zaman yarjejeniya kafin labari ya fara

Zama guda, ba wasa a ciki. A daidaita awa nawa za a jira wanda bai amsa ba, ko 24 ko 48, da abin da zai faru da mutuminsa idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ana tsakiyar faɗa. A daidaita ko mutum na iya mutuwa a labarin, da abubuwan da ba a so a taɓo ko kaɗan. A rubuta, a maƙala saƙon a sama.

Mataki na 4: Kafin ka ce "jefa", yi wa kanka tambaya biyu

Nan ne aikin jagora yake, kuma nan ake gane wanda ya iya.

Tambaya ta farko: abin nan zai iya yiwuwa, zai kuma iya ƙi? Idan mayaƙi zai ɓalle ƙofar kara, ya ɓalle kawai. Idan wani ya ce zai lallashi sarki ya ba shi sarauta da hira ɗaya, amsar a'a ce, ba sai an taɓa dais ba. Da zarar ka ce a jefa, ka yi alkawarin cewa nasara na yiwuwa. Mutum ya samu 20, sai ka rasa ta cewa. A dokokin 2014, fitowar 20 tana tabbatar da sara ne a faɗa kawai, ba ta mayar da abin da ba zai yiwu ba ya yiwu, amma je ka bayyana wa wanda ke murna a lokacin.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci: idan ya faɗi, me zai canza? A ce ɓarawo na ƙoƙarin buɗe kwaɗon rumbun attajiri. Idan faɗuwa na nufin "bai buɗu ba", zai sake gwadawa, ya sake, har ya samu. An ɓata kwana uku ana tura saƙo, labari na nan inda yake. Amma idan ka ce masa: "Wahalar 15 ce. In ka ci, ka shiga shiru. In ka faɗi, kwaɗon zai buɗe, amma karen gidan zai farka," yanzu jifan na da nauyi, kuma ko ta ina ya faɗi akwai abin rubutawa gobe.

Ka lura an faɗi lambar da sakamakon kafin jifa. Wasu jagorori na ɓoye lambar don a ji tsoro. A tebur hakan na tafiya. A intanet kuwa, wanda ya samu 14 aka ce ya faɗi zai yi zargin cewa bayan ganin 14 ɗin ne aka mayar da lambar 15. Faɗe ta tun farko, ka huta. Ƙari kuma, wanda ya ji maganar kare zai iya cewa, "To bari in fara nemo nama in jefa masa." Wannan shi ne wasan.

Mataki na 5: Saka wa dabara

Wanda ya kawo naman kare ya cancanci wani abu. Bugu na biyar yana da hanya mai sauƙi: a jefa dais mai fuska 20 sau biyu a ɗauki babba idan mutum na da rinjaye, a ɗauki ƙarami idan yana cikin matsi. Ba ƙaramin abu ba ne. Mai buƙatar 11 yana da kashi 50, da rinjaye ya koma 75, da matsi ya sauko 25. Don haka kada ka riƙa rabon sa kamar alewa. Kuma ka ba da shi don dabarar, ba don tsawon rubutu ba, in ba haka ba mai iya zuba zai danne mai gajeren bayani.

Mataki na 6: Inda doka ta yi shiru, yanke hukunci nan take

Wani zai ce zai watsa wa ɗan fashi garin barkono a ido sannan ya ture shi rijiya. Babu shafin da ya yi maganar barkono. Kada ka tsayar da wasa kana bincike. Nemi doka mafi kusa, ka ce: "Jifan saurin hannu, wahala 12. In ka ci, ba ya gani har zagaye ɗaya na faɗan." A wuce.

Sai dai a wasan rubutu komai na nan a ajiye. Bayan wata biyu wani zai haƙo saƙon ya ce, "Ai ranar nan 12 ka ce." Kuma yana da gaskiya. Buɗe wuri guda da kake tara hukunce-hukuncenka, layi ɗaya kowanne. Idan daga baya ka ga hukuncin ya yi sauƙi da yawa, kowa ya koma yawo da barkono, sanar da gyara a fili, ya fara aiki daga wasa na gaba. Abin da ya riga ya faru ba a warware shi.

Mai ƙorafi kuma a ba shi saƙo ɗaya ya faɗi hujjarsa, jagora ya amsa, sauran muhawara sai bayan an tashi, kuma gara ta zama tsakaninku biyu.

Mataki na 7: Jifan ɓoye, da jarabar murɗe sakamako

Akwai jifan da ya kamata a ɓoye. Idan mutum na binciken tarko ya ga ya samu 3, ya san kada ya yarda da "ba ka ga komai ba". Roll20 na da /gmroll, wanda mai jifa da jagora kaɗai ke gani, ko kuma jagora ya jefa masa da kansa. Faɗa musu tun a zaman yarjejeniya irin jifan da za ka ɓoye.

Murɗe sakamako wani abu ne daban. Dodo ya samu saran da zai kashe mutumin da ɗan wasa ya yi wata shida yana ginawa, sai ka ce ya kuskure. Jagorori sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma masu yi tausayi ne ke sa su. Ni ban goyi baya ba. Ranar da 'yan wasa suka gane, duk nasarar da suka yi a baya za ta zama abin shakka. Kana da hanyoyin da ba sai ka taɓa lambar ba: dodon ya kama shi ya tafi da shi kogo, 'yan fashi su nemi fansa, a rasa doki ko takobin gado a tsira da rai. In kuma kun amince tun farko cewa ana mutuwa, to a mutu, ka ba ɗan wasan dama ya rubuta kalaman ƙarshe na mutuminsa, sannan ku zauna ku ƙirƙiri sabo wanda zai shigo a zama na gaba.