Ga masu cizon haƙora cikin barci

Jama'a, in kana tashi da ciwon muƙamuƙi ko ciwon kai da safe, ko uwargida ta ce haƙoranka na ƙara da dare, je wurin likitan haƙori. Zai ɗauki awon bakinka, a ƙera maka roba daidai haƙoranka, kana sawa lokacin kwanciya. Ta kemis ta fi araha, sai dai ba ta zama daram, wani ma yakan tofar da ita bai sani ba.

Robar ba ta hana cizon, haƙoran kawai take karewa daga zaizayewa. Don haka a rage goro da shayi da daddare. A wanke ta da ruwan sanyi kullum, ruwan zafi lanƙwasa ta yake yi.