Idan Birki Yana Riƙe Taya

Mota mai ƙarfin gudu ba ta son birki mai riƙewa. Ka taka ta daga Bauchi zuwa Alkaleri, ka kusantar da bayan hannu ga kowace taya. Wadda ta fi zafi, ɗaga ta da jak ka juya. In ta cije, kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a jikin faifan taya, zaro ƙusoshi biyun da take zamewa a kansu. Ƙurar hunturu da tsatsa ke kama su. Wanke, ka shafa giris na silikon. Giris na gama-gari kumbura robar da ke rufe ƙusoshin yake, ni ba na barin yarana su taɓa shi. Har yanzu tana riƙewa? Sassauta ƙusar fitar da iska da ke jikin kalifar. In ta saki nan take, galibi tiyon birki ne ya toshe ta ciki, canja shi.