Yadda oga zai gyara abin da jikinsa ke faɗa a wurin aiki

Toh, kafin ka buɗe baki a ofis ma'aikata sun riga sun gama karanta ka tun daga bakin get, yadda ka amsa sallama kawai ya ishe su sanin ko yau ranar kawo maka magana ce.

Fara da fuska. Ka tsaya ka gaisa da maigadi da masinja, ka tambayi gida, ba wai ka ɗaga hannu kana wucewa kana danna waya ba. Ogan da kullum fuskarsa a murtuke babu mai kawo masa matsala da wuri, sai ta lalace yake ji.

Na biyu ido, kuma nan ne ake tafka kuskure. A kwasa-kwasan shugabanci da ake kwasowa daga Turai ana cewa a kalli mutum ido cikin ido, mai kau da kai wai yana ɓoye wani abu. Mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi, don haka in sabon ma'aikaci na maka bayani yana kallon ƙasa kar ka ce ƙarya yake, kunya ce. Kai dai ka dube shi, ka riƙa gyaɗa kai, amma kar ka tsare shi da ido har ya rikice ya manta abin da ya kawo shi.

Sai hannu. Fayil da hannun dama ake miƙawa, ba a jefa shi kan tebur. A mitin kar ka nuna mutum da yatsa, buɗe tafin hannu ka kira sunansa. In mace ce kar ka fara miƙa hannu, dafa ƙirji ya wadatar.

Na huɗu, in gyara za ka yi wa wani, kar ka tsaya masa a ka yana zaune. Ja kujera gefensa, ka kife wayarka.

Murya fa? Za ka ji masu bita na cewa kalmomi kashi 7 ne kacal cikin 100 na saƙo, murya 38, fuska 55. Lissafin ya fito ne daga binciken wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Mehrabian, a Amurka a 1967, kuma gaskiya ana zuzuta shi, shi yana magana ne kan so da ƙi, lokacin da baki ya faɗi abu fuska ta faɗi wani daban. Wato in ka ce "ba komai" ka bi shi da tsaki, tsakin za a ɗauka.

Na ƙarshe, nemi izinin abokan aiki a ɗauke ka bidiyo a mitin na gaba, ka kalla ba sauti. Abu ɗaya za ka zaɓa, ko harara ko yawan duba agogo, ka yi sati kana gyara shi kafin ka taɓa wani.