Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Giyabos Otomatik Na Motar Tseren Miƙaƙƙen Layi

A tseren miƙaƙƙen layi, wanda ya samu gindin zama a Amurka tun da Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar da ke shirya irin wannan tsere, a 1951, motoci biyu ne ke tashi daga tsaye su ci zango na rubu'in mil, wato kimanin mita 402. Wahalar da giyabos zai sha a wannan ɗan zango kusan duka tana afkuwa ne a daƙiƙar farko, lokacin da ƙarfin inji gaba ɗaya ya faɗa wa ƙarafa alhali tayoyi na manne da kwalta. Saboda haka ƙarkon giyabos ya dogara ne kan yadda ya dace da nauyin motar da ƙarfin murɗawar injinta da kwanbatar da aka haɗa shi da ita (na'urar da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos ta hanyar mai), kuma yawancin asarar da masu tsere ke tafkawa daga rashin kula da wannan dacewa take fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen suna. Mutum zai ji an ce Powerglide ne giyabos ɗin 'yan tsere, sai ya samo tsoho daga cikin wata Chevrolet ya ɗaura wa injin da ke ba da ƙarfin doki dubu. Gaskiya ne wannan giyabos mai giya biyu, wanda General Motors ya fito da shi a 1950 ya kuma daina ƙerawa a 1973, har yau yana cikin waɗanda suka fi yawa a filayen tsere. Sai dai wanda ke cin gasa a yau bai haɗa komai da na wancan zamani ba in ban da fasali: kwanson waje na kamfanoni irin su Reid ko ATI ne, sandar da ke shigar da ƙarfi an ƙera ta da ƙarfe mai tauri irin 300M, haƙoranta 30 ne maimakon 17 na asali, giyoyin ciki kuma galibi masu miƙaƙƙun haƙora ne. Gyaran wannan kuskure shi ne a tambayi mai haɗa giyabos abin da ya zuba a ciki ɗaya bayan ɗaya, da iyakar ƙarfin da ya yarda zai ɗauka a mota mai nauyin taka.

Nauyin nan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ke raba gardama tsakanin giya biyu da giya uku. Giyar farko ta Powerglide 1.76 ce ko 1.82, ta Turbo-Hydramatic 400 kuwa, wanda ya fito a 1964 ake kuma kira TH400, 2.48 ce, sannan 1.48, sannan 1.00. Idan giyar aksul na baya 4.10 ce, TH400 zai ninka ƙarfin murɗawa kusan sau goma a wurin tashi, Powerglide mai 1.76 kuwa sau bakwai da 'yan kai. A mota mara nauyi mai ƙarfin gaske, ninki goma ya yi yawa, domin tayoyi za su suɓuce su yi ta hayaƙi ko kuma gaban motar ya ɗaga sama fiye da kima. A nan giya biyu ta fi, ga shi canjin giya sau ɗaya ne kawai, abin da ke sa lokacin motar ya riƙa zuwa daidai a kowane zagaye. A mota mai nauyi da injinta bai kai can ba, giya biyu za ta sa ta tashi da kasala, kwanbata ta yi ta zamewa tana dafa mai. A ganina, duk wanda bai ɗora motarsa a sikeli da direba a ciki ba, bai kamata ya fara cinikin giyabos ba tukuna.

Shi ma TH400 yana da inda yake karyewa. Akwai wani kuloci mai juyawa gefe ɗaya da ke riƙe babbar gangar ciki idan aka shiga giya ta biyu, kuma na kamfani mai ƙwayoyi 16 ba ya jure bugun inji mai ƙarfi, shi ya sa ake musanya shi da mai ƙwayoyi 34, a kuma sa gangar alminiyam mara nauyi idan ƙarfin ya yi yawa. Masu son su riƙa hawa motar a titi sukan koma ga giyabos 4L80E na 1991, wanda daga TH400 aka samo shi aka ƙara masa giya ta huɗu. Ya fi nauyi, amma ya fi ƙaramin ɗan'uwansa 4L60E ƙwari nesa ba kusa ba.

Sai batun kwanbata, wadda ita ce ke haɗa inji da giyabos ta hanyar mai. Mutane da yawa na zuba kuɗi a giyabos su sayi kwanbatar kanti, suna kallon lambar juyin da aka rubuta a kwali, wato juyin da inji zai iya kaiwa motar na tsaye a giya, kamar tabbatacciya ce. Lambar nan tana canzawa da inji: kwanbata ɗaya za ta bar inji mai ƙarfin murɗawa ya hau juyi sama da wanda rarraunan inji zai kai. Idan ta yi tsauri, injin zai tashi ƙasa da inda ƙarfinsa yake, mai turbo ma ba zai iya tara iska a layin tashi ba. Idan ta yi sako-sako, za ta ci gaba da zamewa har ƙarshen fili, ƙarfin ya tafi a zafi. Hanyar da ta dace ita ce a ba maƙerin kwanbata bayanin motar duka, wato nauyi, girman taya, giyar aksul, irin kamshaf da ko ana amfani da turbo ko iskar naitiros mai ƙara wa inji ƙarfi, ya ƙera ta a kan haka. Mai naitiros lallai ne ya nemi wadda aka ƙarfafa da faranti don kada ta kumbura, domin kwanbatar da ta kumbura, ko wadda matsin mai ya yi wa yawa, tana tura karanshaf gaba har ta cinye beyarin da ke tare shi, asarar giyabos ta koma asarar inji.

Zafi kuwa shi ne mai kisan mummuƙe. Na'urar da ke kulle giyar farko da ribas lokaci guda, don direba ya take totur motar na tsaye, tana sa man kwanbata ya yi zafi cikin 'yan daƙiƙu kaɗan. Direban da ya saba daɗewa a kan maɓallin, ko yake gwada ta a gareji sau da yawa a jere, yana ƙona mansa ne da faifan kulocinsa. A sa na'urar sanyaya mai ta daban, da kasko mai zurfi, da agogon auna zafi, a kuma riƙa duba launin mai da warinsa bayan tsere.

Akwai kuskure ɗaya da ya wuce asarar kuɗi, kuma ya fi shafar masu giyabos TorqueFlite 727 na Chrysler. Idan kulocin baya mai juyawa gefe ɗaya ya lalace motar na giyar farko, gangar gaba takan yi juyin da ya ninka na inji fiye da sau biyu, ta tarwatse ta fasa kwanso, kuma wurin yana dab da ƙafafun direba. Abin da ke raunana kulocin shi ne ɗumama taya, wato sa ta juyi a wuri ɗaya kafin tsere, a giyar farko sannan tayar ta kama ƙasa farat ɗaya, ko karyewar farfela ko aksul a wurin tashi. Don haka duk lokacin da wani abu ya karye a bayan giyabos, a sauke shi a duba kulocin kafin a sake tsere, a yi amfani da akwatin bawul da ke ɗaure bel ɗin baya a giyar farko, a kuma musanya gangar da ƙaƙƙarfa.

Irin wannan haɗari ne ya sa dokokin NHRA suka wajabta garkuwar giyabos mai shaidar inganci ta SFI (gidauniyar da ke tsara ma'aunin kayan tsere) lamba 4.1 ga motar da ke cin zangon cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka, sannan idan ta sauka zuwa 9.99 ana buƙatar farantin da ke haɗa inji da kwanbata mai shaidar 29.1 da garkuwarsa mai 30.1. Shaidun suna da wa'adi, don haka mai sayen na hannu ya duba kwanan watan da ke jikin tambarin. Wanda ya san motarsa za ta kai wannan gudu ya fi masa sauƙi ya sayi kwanso mai shaidar tun farko, maimakon ya sake sauke giyabos daga baya don ƙara masa garkuwa.