Yadda Ake Ɗanɗana Gahawa Domin Gane Ingancinta

Masu tantance gahawa da hanci suke fara aiki, domin ƙamshin garin da aka niƙa yanzu-yanzu yana nuna abin da harshe zai tarar. Ka zuba gram 8 na garin a kofi, ka kwarara masa ruwa mililita 150 wanda ya ɗan huce bayan tafasa, sannan ka bar shi minti 4 ba motsawa. Ka fasa kumfar sama da cokali, ka shinshina, sannan ka kurɓa da ƙarfi har a ji sauti, duk da cewa ba shi da daɗin ji, saboda iskar ce take watsa ɗanɗanon a baki. Kada ka sa sukari. Ka sake kurɓa bayan gahawar ta huce, domin a lokacin ne tsaminta da ɗan zaƙinta suke fitowa fili.