Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar motsi da lokaci

Mutane da yawa suna ɗauka abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Haka Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya koyar, ido kuma ya goya masa baya, tunda duk abin da ka mirgina sai ya tsaya. Gugar ƙasa da iska ce ke tsayar da shi. Da babu su, da ya yi ta tafiya a miƙe, gudunsa bai ragu ba, kamar yadda masanin kimiyya na Ingila Isaac Newton ya rubuta a 1687. Don haka in ka ga abu yana tafiya, tambayar da ta dace ita ce: me ya sauya masa gudu ko hanya?

Sai kalmar "a tsaye", wadda muke faɗa kamar ba ta da sharaɗi. A 1632 masanin kimiyya na Italiya Galileo ya kawo misalin mutumin da aka rufe a ɗakin jirgin ruwa mai tafiya sumul. Ɗigon ruwa zai faɗa masa a miƙe, kifin da ke cikin kwano zai yi iyonsa yadda ya saba, babu abin da zai nuna masa jirgin ya tashi. Kai ma da kake zaune, duniya tana kewaya rana da kai a gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa. Duk wanda ya ce maka abu yana tsaye, ka ce masa: in aka gwada shi da me? Sai dai kar ka zarce. Juyawa tana da alama: Newton ya nuna cewa ruwan bokiti mai juyawa yakan hau gefe, kuma har yau masana suna muhawara kan abin da ruwan yake juyawa dangane da shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a ce wai masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna komai ra'ayi ne. Bayaninsa na 1905 a kan abin da ba ya sauyawa ya ginu: gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne ga duk mai awo, ko da shi ma tafiya yake. Tsawo da lokaci ne ke sauyawa, kuma da lissafi tsayayye suke sauyawa. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, yana riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Lafiyar agogon ƙalau. Lokacin ne ya fi sauri a can saboda ƙarfin jan duniya ya fi rauni a sama, abin da Einstein ya bayyana daga baya a 1915, kuma da ba a gyara lissafin ba, da kuskuren taswirar wayarka ya kai kilomitoci cikin kwana guda.