Yadda Ake Haɗa Janareta da Wutar Gida ta Canjoba

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, duk gidan da aka kira ni gyara, abin da na fi tararwa shi ne waya mai kai biyu, filogi a nan, filogi a can. A soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin ɗaki, gida ya yi haske. Wannan wayar nake so ka cire yau ka sa canjoba a madadinta, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar NEPA da ta janareta ba tare da sun haɗu ba.

Ga dalili. Wutar NEPA, wadda KEDCO ke rabawa yanzu a Kano da Jigawa da Katsina, tana isowa gari ne a manyan wayoyi da ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000. Taransifoma ce ke sauke ta zuwa kimanin 230 da muke amfani da shi. To ita taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Idan ka manta ba ka raba gidanka da layi ba, wutar injinka za ta bi ta mita ta fita, ta shiga gidajen maƙwabta, taransifoma kuma ta ɗaga ta sama. Wanda ya hau falwaya yana gyara da tabbacin babu wuta, shi za ta kama. In kuma aka kawo wuta ana cikin haka, injin ya ƙone. Ban da haƙoran filogin nan da ke tsirara, yaro ya zare ya riƙe a hannu.

Ka sayi canjoba mai hannu, mai amfiya 63, wadda ke yanke waya biyu lokaci guda. Ni ba na sa ta ƙasa da haka ko da gidan ɗaki biyu ne. Idan ka shiga Sabon Gari ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka duba haƙoranta ko tagulla ce. Mai arha gwangwani ce aka shafa wa launi, ba ta daɗewa take fara zafi. Haka waya: mai milimita 6 daga mita, mai 2.5 daga ƙaramin inji. Ka kankare bakinta kafin ka biya, in ta yi fari a ciki, mayar masa da abarsa.

Yanzu kashe wuta, kuma a nan zan daɗe. Yara masu koyo suna ganin an ɗauke wuta sai su ce dama ta samu, su kama aiki. Ɗauke wuta daban, kashe wuta daban. Wanda ya ɗauke bai gaya maka sa'ar da zai dawo da ita ba. Ina yaron shago na yi wannan gangancin, kwana uku babu wuta a garin, na kama waya ina ferewa da haƙori sai aka kawo. Allah Ya sa a kan benci nake, na faɗo wayar ta suɓuce. Maigidana bai bar ni na taɓa filaya ba har mako biyu. Saboda haka ka sauke babban makunnin da ke bayan mita, ka sa babban mutum ya tsaya a wurin, kada wani ya zo ya ɗaga don zai yi cajin waya. Idan gidan ba shi da wannan makunni, dakata. Mita da abin da ke gabanta na KEDCO ne, su za ka kira. Sannan ka gwada tastarka, wato abin gwada wuta, a inda ka tabbata akwai wuta, ko a jikin injin ne, ka ga ta kama, kafin ka yarda da ita. Tasta matacciya ma shiru take yi. Takalmin roba, busasshiyar ƙasa, busasshen hannu, musamman da damina da bangon ƙasa ke shan ruwa.

Haɗin ba wuya. Wayoyin mita a sama, na janareta a ƙasa, na gida a tsakiya. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya ita ce nutural, koriya mai ratsin rawaya ta ƙasa ce, ba ta bi ta canjoba. Kada ka ƙulle nutural ɗin uku wuri guda don ragin aiki. Layukan ƙauye sau da yawa a juye suke, wadda ka ɗauka nutural ita ke ɗauke da wuta. Ɗaure kowane noti tam, ka ja wayar ka ji. Sako-sakon haɗi shi ke cinna wa silin wuta.

Kafa canjobar inda yaro ba zai kai ba, cikin akwatinta, kan katako. Ƙara ƙaramin ƙwai da fis ɗinsa a ɓangaren NEPA don ka san an kawo.

Wajen tayarwa, hannun canjoba a tsakiya, tada inji, bari ya daidaita, sannan ka sauke hannun zuwa ɓangaren janareta. Ƙaramin janareta na Tiger bai kai wat 1,000 ba, kada a ɗora masa dutsen guga ko hita. Injin a fili ƙarƙashin rumfa, nesa da taga, ban da zaure, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, cikin barci take kashewa. Kashe shi ya huce kafin ka zuba fetur.